Shirin Tafiyar Buɗe Ido daga Bagudo zuwa Iyakar Benin

Ƙasar Bagudo, wadda ke kudu maso yammacin Jihar Kebbi a cikin masarautar Gwandu, ba ta da tuddan rairayi irin na Sahara, amma tana da abin da ke jan idon matafiyi, wato kwarin Kogin Kwara, inda ruwa ya daɗe yana zaizayar jan dutse har ya bar kwazazzabai da tsaunuka masu shimfiɗaɗɗen kai a bayan fadamun shinkafa da kurmin giginya. Masana ilimin ƙasa sun laƙaba wa wani rukunin duwatsun yashi na yankin sunan garin Illo, domin a wajajensa aka fi ganinsu a sarari. Illo ɗin nan kuwa tsohon zangon fatake ne, waɗanda ke tsallaka kogi a kan hanyarsu ta zuwa Gwanja sayen goro, kafin yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta raba ƙasar Borgu gida biyu, Illo ta faɗa hannun Ingila, Nikki ta faɗa hannun Faransa.

Abin da ya kamata a fara yankewa shi ne lokacin tafiya, tun da kogin ne ke buɗe hanya, shi ne kuma ke rufe ta. Kwara tana cika sau biyu a shekara. Cikar farko takan zo da ruwan damina mai laka tsakanin Agusta da Oktoba, kuma ita ce mai haɗari, kamar yadda ambaliyar 2020 ta nuna lokacin da ta cinye gonakin shinkafa ta lalata hanyoyi da gadoji a Kebbi. Cika ta biyu ruwan tsaunukan Gini ne, wanda ke ɗaukar watanni yana ratsa Mali da Nijar, ya iso a tsakiyar hunturu bayan ya ajiye lakarsa a hanya. Saboda haka Nuwamba da farkon Disamba sun fi dacewa, lokacin da hanya ta bushe, ana girbi a fadama, hazo kuma bai yi kaurin da zai ɓoye tsauni ba. Zafin bazara ba ya barin mutum ya tsaya kallo.

Mai tasowa daga Birnin Kebbi zai iya bi ta Jega da Koko ya karkata yamma zuwa Bagudo, sannan ya tsallaka Kwara ta gadar Tuga ya nufi Ka'oje. Iyakar tana da manyan ƙofofi biyu a wannan ƙaramar hukuma: Tsamiya, wadda ke fuskantar Segbana ta Benin da hanyar Kandi, da kuma Lolo, wadda ke bakin kogi kan hanyar Malanbil. Ana buƙatar fasfo na ECOWAS, da katin rigakafin shawara, da inshorar mota mai aiki a ƙasashen ƙungiyar, da takardar kwastan mai ba mota izinin shiga na ɗan lokaci, sai kuma sefa a aljihu. Dokar iyaka takan sauya ba zato, kamar rufewar Agustan 2019, don haka tambayar direbobin tasha da jami'an shige da fice ana gobe tafiya ta fi dogaro da taswirar waya. Tayar safaya da jarkar ruwa da cikakken tanki ba abin sakaci ba ne, kuma wanda ya ji Zabarmanci ko Dandanci zai ga amfaninsa a kowace kasuwa.

Kwazazzabai mafi girma suna can gaba. Akwai dallol, kalmar Fulfulde da ke nufin kwarin tsohon kogi da ya ƙafe, irin su Dallol Mawri da Dallol Foga mai gishiri a arewacin Gaya ta Nijar, akwai kuma gandun daji na W, wanda ya sami sunansa daga lanƙwasar da Kwara ta yi, ɓangarensa na Nijar kuma ya shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO a 1996. Sai dai 'yan bindiga sun yi sansani a gandun a shekarun nan, yammacin Kebbi ma ya sha fama da 'yan bindigar Lakurawa. Tafiyar da hankali zai ɗauka a yanzu ita ce ta rana tsaka, tare da ɗan gari, a tsaya a bakin kogi, a koma masauki kafin magariba.