Nijeriya Da Nijar: Tarihi Ɗaya, Tattalin Arziki Biyu

POTISKUM. Kasuwar shanu ta Potiskum a Jihar Yobe, wadda take ci kowace Laraba, tana cikin manyan kasuwannin dabbobi na Afirka ta Yamma. Wani kaso mai yawa na shanu da raguna da ake lodawa a manyan motoci daga nan zuwa Legas da sauran biranen kudu, daga Jamhuriyar Nijar yake fitowa, musamman daga jihohin Difa da Damagaram. Saboda haka duk abin da ya taɓa darajar Naira da ta kuɗin sefa, ko ya taɓa kan iyakar ƙasashen biyu, ba ya jimawa sai an gan shi a cikin farashin sa da na buhun wake a wannan gari. Wannan ne ya sa ya dace ɗan kasuwa ya san inda ƙasashen biyu suka yi tarayya, da inda suka bambanta, da kuma abin da alƙaluman da ake bugawa a kansu suke nufi.

Asalin iyakar

Kafin zuwan Turawa babu wata iyaka tsakanin Yobe da Difa, ko tsakanin Katsina da Maraɗi. Masarautar Damagaram ta daɗe tana kai gaisuwa ga Shehun Borno, kamar yadda wasu ƙasashe da yawa na Yobe ta yau suke cikin inuwar daular Borno. Maraɗi kuwa zuriyar sarakunan Katsina ne suka kafa ta bayan jihadi, haka kuma Gobirawa suka kafa Tsibiri. Ingila da Faransa ne suka shata layin farko a kan takarda cikin 1890, daga Sayi a bakin kogin Kwara zuwa Baruwa a gaɓar tafkin Chadi, sa'an nan suka yi ta gyara shi cikin 1898 da 1904 da 1906, kafin a kafa alamu a ƙasa. Iyakar da ta fito daga wannan ciniki tsawonta ya kai kimanin kilomita 1,500, kuma ta ratsa tsakiyar Hausawa da Kanuri da Fulani. A Jihar Yobe ƙananan hukumomin Machina da Yusufari da Yunusari suna maƙwabtaka da Nijar kai tsaye.

Ƙasashen biyu sun sami mulkin kai a shekara guda, Nijar ranar 3 ga Agusta, 1960, Nijeriya kuma ranar 1 ga Oktoba. A wancan lokaci arewacin Nijeriya da kudancin Nijar duka da gyaɗa suka dogara. Amma gadon da Turawa suka bari ba ɗaya ba ne. Jirgin ƙasa ya iso Kano tun 1911, ya kai Nguru cikin 1930, alhali Nijar ta karɓi mulkin kai ba ta da layin dogo, ba ta kuma da gaɓar teku. Shekaru da yawa gyaɗar Maraɗi da Damagaram ta hanyar Kano take bi zuwa tashar jiragen ruwa. Ta fannin ilimi ma, an buɗe kwalejin jami'a ta Ibadan cikin 1948 da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya cikin 1962, amma jami'ar Yamai sai a farkon shekarun 1970 ta samu.

Fetur da yuraniyom

Hanyoyin sun ƙara rabuwa bayan fari na 1973 da 1974, wanda ya karya noman gyaɗa a ɓangarorin biyu. Nijeriya ta riga ta fara sayar da ɗanyen mai tun 1958, ta shiga ƙungiyar OPEC cikin 1971, kuma tashin farashin mai na 1973 ya cika baitulmalinta. Nijar ta fara haƙar yuraniyom a Arlit cikin 1971, ta ci moriyarsa na ɗan lokaci, amma farashinsa ya faɗi a farkon shekarun 1980. Sai cikin 2011 ta shiga sahun masu haƙar mai, lokacin da aka buɗe matatar SORAZ kusa da Damagaram, mai tace ganga 20,000 a rana. Cikin 2024 kuma ta fara fitar da ɗanyen mai ta bututun da ya tashi daga Agadem zuwa gaɓar tekun Jamhuriyar Benin, mai tsawon kusan kilomita 2,000.

Nijar ta fi Nijeriya faɗin ƙasa, domin tana da murabba'in kilomita 1,267,000, Nijeriya kuwa 923,768. Sai dai mafi yawan ƙasar Nijar hamada ce, jama'arta kuma sun taru ne a kudu, daura da iyakar Nijeriya. Mutanen Nijeriya sun haura miliyan 220, na Nijar ba su kai miliyan 30 ba, ko da yake Nijar tana cikin ƙasashen da suka fi kowa saurin ƙaruwar jama'a a duniya.

Abin da alƙaluma suka nuna

Ma'aunin da aka fi sani shi ne a raba dukiyar da ƙasa ta samar a shekara bisa yawan jama'arta. Bisa ƙididdigar Bankin Duniya, cikin 2022 rabon kowane ɗan Nijeriya ya haura dalar Amurka 2,000, na ɗan Nijar kuwa kimanin dala 600. Kimanin kashi 60 cikin ɗari na 'yan Nijeriya suna da hanyar samun wutar lantarki, a Nijar kuwa kimanin kashi 20. Manyan da suka iya karatu da rubutu sun haura kashi 60 cikin ɗari a Nijeriya, amma ba su kai kashi 40 ba a Nijar. A rahoton ci gaban ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020, wanda yake haɗa samun kuɗi da ilimi da tsawon rai, Nijeriya ta zo ta 161 cikin ƙasashe 189, Nijar ta zo ta ƙarshe.

Wanda ya tsaya a nan zai ɗauka magana ta ƙare, alhali akwai abubuwa uku da suke rage ƙarfin wannan hukunci.

Na farko, lissafi da dala yana bin farashin canji. Da aka saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa cikin Yuni 2023, rabon ɗan Nijeriya ya sauko zuwa kimanin dala 1,600 a wannan shekara, ya kuma ƙara sauka cikin 2024, ba don gonaki ko masana'antu sun ragu da wannan gwargwado ba.

Na biyu, ta fannin tsawon rai Nijar ce a gaba. Ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna jaririn da aka haifa a Nijar ana sa ran zai yi kimanin shekara 61, a Nijeriya kuwa kimanin 54. Babban dalili shi ne raguwar mutuwar ƙananan yara. Daga 1998 zuwa 2009 Nijar ta rage mutuwar yara 'yan ƙasa da shekara biyar daga 226 zuwa 128 cikin kowane 1,000, ta hanyar gina ƙananan ɗakunan shan magani a ƙauyuka, da rarraba gidan sauro, da kuma dokar 2006 wadda ta ɗauke wa yara ƙanana da mata masu ciki kuɗin asibiti. Wannan ya nuna cewa yadda aka kashe kuɗi yana da tasiri kamar yawan kuɗin.

Na uku, wanda ya fi shafar mutumin Yobe, matsakaicin lissafi na ƙasa baki ɗaya yana ɓoye bambancin da ke tsakanin jihohi. Binciken Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2018 zuwa 2019 ya sami kashi 40 cikin ɗari na 'yan Nijeriya a ƙarƙashin layin talauci, watau waɗanda ba sa iya kashe Naira 137,430 a shekara. A Legas adadin bai kai kashi 5 ba, amma a Yobe ya kai kashi 72, a Jigawa 87, a Sakkwato kusan 88. A daidai wannan lokaci binciken Nijar ya sami kimanin kashi 41 na jama'arta cikin talauci. Kowace ƙasa da nata layin, don haka ba a jera adadin biyu kafaɗa da kafaɗa, amma abin da ya bayyana shi ne rayuwar manomi a Yusufari ta fi kama da ta ɗan'uwansa na Maine-Soroa fiye da ta ma'aikaci a Legas.

Akwai kuma abin da manoman Nijar suka yi wanda ba ya fitowa sosai a lissafin dala. Tun daga tsakiyar shekarun 1980 manoman Maraɗi da Damagaram suka koma barin kututturen itace ya tofo a cikin gona, musamman gawo, maimakon sarewa. An ƙiyasta cewa ta haka an farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5. Arewacin Yobe, inda rairayi yake cinye gonaki, yana da darasi a nan.

Naira da sefa

Ga ɗan kasuwa babu bambancin da ya kai na kuɗi. Kuɗin sefa a ɗaure yake da kuɗin Faransa tun zamanin mulkin mallaka, daga 1999 kuma da yuro, a kan sefa 655.957 ga yuro ɗaya. Babban sauyin da aka yi masa shi ne na 12 ga Janairu, 1994, lokacin da aka rage rabin darajarsa. Naira kuwa, wadda aka fara amfani da ita cikin 1973, tun shirin gyaran tattalin arziki na 1986 take faɗuwa kashi-kashi. Sakamakon haka hauhawar farashi a Nijar a yawancin shekaru ba ta wuce kashi 5 cikin ɗari, amma a Nijeriya ta haura kashi 70 cikin 1995, ta kuma haura kashi 30 cikin 2024. Ɗaurin sefa yana kare ajiyar mai ajiya, amma yana hana gwamnati sarrafa kuɗinta yadda take so.

Yadda abin yake aiki a kara shi ne kamar haka. Makiyayi daga Difa yana sayar da sa da Naira, amma da sefa yake lissafin ribarsa. A farkon 2023 jaka ɗaya, watau sefa 1,000, tana kusan Naira 1,200 a hannun 'yan canji. Cikin 2024 ta haura Naira 2,000. Ke nan in yana son ya koma gida da irin sefar da ya saba, dole ya kusan ninka kuɗin da zai nema, ko kuma ya nufi wata kasuwa. A ɗaya gefen, hatsi da siminti da kayan masana'antun Nijeriya sukan yi araha ga mai riƙe da sefa, sai kaya su yi ta tsallakawa arewa. Bayan ragin darajar sefa na 1994 akasin haka aka gani, domin dabbobin Nijar sun yi sauƙi ga fataken Nijeriya.

Man fetur ma ya bi wannan hanya. Shekaru da yawa man Nijeriya mai tallafi yana shiga Nijar ta ɓarauniyar hanya. Da aka janye tallafin ranar 29 ga Mayu, 2023, ribar wannan fasa-ƙwauri ta ragu ƙwarai, buƙata ta koma kan matatar SORAZ, kuma cikin Maris 2025 Nijar ta yi fama da ƙarancin mai.

Siyasar kan iyaka

An rufe iyakar daga Afrilu 1984 zuwa Maris 1986, aka sake rufe ta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023, ƙungiyar ECOWAS ta sa wa Nijar takunkumi, Nijeriya ta rufe iyaka, ta kuma yanke wutar lantarkin da a lokacin ita ce kimanin kashi 70 cikin ɗari na wadda Nijar take amfani da ita. An ɗage takunkumin cikin Fabrairu 2024, aka buɗe iyaka cikin Maris. Ficewar Nijar daga ECOWAS ta tabbata ranar 29 ga Janairu, 2025. Cikin Mayu na wannan shekara kuma gwamnatin Yamai ta hana fitar da dabbobi gab da babbar salla, abin da ya taɓa kasuwannin raguna na arewacin Nijeriya. Kowane irin wannan mataki bai taɓa tsayar da ciniki ɗungurungum ba, sai dai ya karkatar da shi zuwa hanyoyin daji, ya ƙara kuɗin dakon kaya, mai saye kuma shi ne yake biya.

A gefe guda akwai abubuwan da suke ƙara ɗinke ƙasashen. Hukumar haɗin gwiwa ta Nijeriya da Nijar tana nan tun 1971, da hedkwatarta a Yamai. Cikin Fabrairu 2021 aka aza harsashin layin dogo mai tsawon kilomita 284 daga Kano zuwa Maraɗi ta Katsina da Jibiya.

Ga fatake da dillalai da masu motocin dakon kaya na Potiskum, abubuwa uku ne suka cancanci a riƙa sa musu ido: farashin jaka a hannun 'yan canji, yanayin damina a Difa da Damagaram wanda shi yake nuna ko makiyaya za su riƙe dabbobinsu ko za su sayar, da kuma sanarwar hukumomin kwastan na Abuja da Yamai. Wanda zai ba da bashi ko ya karɓi kaya a kan alkawari daga ƙetaren iyaka, ya kamata tun farko a yi ƙa'ida da wane kuɗi za a biya, da kuma a kan wane farashin canji.