Babe Ruth ko Ohtani: Muhawarar da Ta Ƙi Ƙarewa a Amurka

Yadda muke musu a bakin aji kan Pele da Messi, haka Amurkawa ke musu kan wasan besbol. Tambayarsu ita ce, gwanayen da da gwanayen yanzu, su wa suka fi?

Ga waɗanda ba su san wasan ba, mutum ɗaya ne ke jefa ƙwallo da ƙarfi, wani kuma ya tare ta da sanda ya buge ta. In ya buga ta tsallake shingen fili, ya zagaya tashoshi huɗu ba mai tare shi, ƙungiyarsa ta samu maki. Wannan bugun tsallake shinge shi ne abin alfaharin kowane mai sanda.

Sunan da tsofaffi ke fara ambata shi ne Babe Ruth. Ya fara ne a matsayin mai jifa a ƙungiyar Boston Red Sox a 1914, daga baya aka sayar da shi ga New York Yankees, inda ya koma bugu. A 1920 ya tsallake shinge sau 54, adadin da ya fi na kowace ƙungiya a gasarsu in ban da tasa. Mutum ɗaya ya fi ƙungiya guda! A 1927 ya yi 60, kuma ya yi ritaya a 1935 da 714. A 1930 albashinsa ya kai dala 80,000 a shekara, ya zarce na shugaban ƙasar Amurka na lokacin.

Matasa kuma sai su kawo Shohei Ohtani, ɗan Japan da aka haifa a 1994. Shi ma yana jifa yana bugu, abin da aka daɗe ba a ga wani ya yi da kyau ba tun zamanin Ruth. Jifansa kan wuce gudun kilomita 160 a awa ɗaya. A 2024 ya tsallake shinge sau 54, ya kuma sace tasha sau 59, wato ya zarce zuwa tasha ta gaba kafin abokan hamayya su farga. Ba a taɓa haɗa hamsin da hamsin a kaka ɗaya ba sai shi. Kwantiraginsa da Los Angeles Dodgers dala miliyan 700 ne na shekara goma.

To, a ina gizo ke saƙar? A ganinmu, a kan waɗanda Ruth ya yi wasa da su. A zamaninsa an haramta wa baƙaƙen fata shiga babbar gasa. Sai ranar 15 ga Afrilu, 1947 Jackie Robinson ya shiga da Brooklyn Dodgers, shekara goma sha biyu bayan Ruth ya ajiye sanda. Gwanaye irin su Josh Gibson da Satchel Paige suna can a gasar baƙaƙe. Paige bai samu shiga ba sai a 1948, yana da shekara 42, ƙarfin samartaka ya riga ya wuce. Ruth bai taɓa fuskantar jifansa a wasan babbar gasa ba. Ohtani kuwa yana karawa da zaɓaɓɓu daga Jamhuriyar Dominika, Benezuwela, Kuba da Koriya ta Kudu.

Masu goyon bayan na da ma suna da hujja. Su a jirgin ƙasa suke tafiya, babu masana abinci, babu bidiyon nazarin abokin hamayya, kuma wasa 154 ne a kaka, yanzu 162. Sai dai wani abu ya yi musu sauƙi. Mai jifa ɗaya kan jefa daga farkon wasa zuwa ƙarshe, ya gaji, mai sanda ya gane salonsa. Yau ana sauya masu jifa akai-akai, kowane sabo ya zo da ƙarfinsa.

Ko littafin tarihin wasan bai zauna wuri ɗaya ba. A watan Mayun 2024 hukumar babbar gasar ta shigar da alƙaluman gasar baƙaƙe cikin nata. Nan take Josh Gibson, wanda ya rasu a Janairun 1947, wata uku kafin Robinson ya shiga fili, ya ture Ty Cobb daga matsayin wanda ya fi kowa yawan buga ƙwallo daidai a tsawon rayuwar wasansa.