Wayar da ke Kai wa Dilko Wuta

Duk wanda ya taɓa zama a garejin gyaran mota ya ji kalmar dilko. Shi ne abin nan mai murfi da ke jikin inji, wanda manyan wayoyi ke fitowa daga kansa suna tafiya ga fulogai. Asalin sunan na kamfani ne, wato Delco, wanda Charles Kettering da Edward Deeds suka kafa a birnin Dayton na Amurka a 1909. Tsarin ba fulogi wuta da suka ƙera ya fara aiki a motar Cadillac ta 1910, ya kuma shafe shekara fiye da 60 yana jan zarensa. Shi ne a cikin tsofaffin akori-kurar Chevrolet da Ford, shi ne kuma a cikin Peugeot 404 da ta sha dakon buhuna a hanyoyin ƙauyukanmu.

Batir volt 12 kawai yake bayarwa, fulogi kuwa sai da dubban volt yake tartsatsi. Kwayil ne ke cike wannan tazara. A cikinsa akwai naɗin waya biyu, ɗaya mai kauri da 'yan zagaye kaɗan, ɗaya siriri mai dubban zagaye. Idan wuta ta bi ta mai kaurin, ƙarfin maganaɗisu yakan taru. Da zarar an katse ta farat ɗaya, sai ƙarfin ya rushe, ya haifar da babbar wuta a siririn naɗin. A tsohon tsari kwantak ne ke yin katsewar: ƙarafa biyu ƙanana masu buɗewa da rufewa sau dubbai a minti guda.

Kwantak ba ya jure wuta mai yawa; bakinsa yakan ƙone ya yi ramuka. Don haka masu ƙera motoci da dama suka sa abin rage wuta a hanya, ta yadda volt 7 zuwa 9 ne kawai ke isa kwayil idan inji na aiki. A motocin Chrysler ana ganinsa ƙuru-ƙuru, wani farin dunƙulen tangaran ne a bangon da ya raba inji da mazaunin direba. A akori-kurar Chevrolet kuwa an ɓoye shi cikin wayar kanta, wata mai rufin saƙar zare da ke fitowa daga bayan akwatin fiyus. Ido ba ya bambanta ta da sauran wayoyi bayan shekara hamsin na ƙura da baƙin mai. Sannan, da yake sitata na zuƙe batir lokacin tayarwa, an ƙara wata wayar, galibi rawaya, daga ƙafar da ke da harafin R a kan sitata, wadda ke kai cikakkiyar wuta ga kwayil na ɗan lokacin da ake murza makulli.

A 1974 kamfanin General Motors ya fito da dilkon lantarki da ya sa wa suna HEI, zuwa 1975 ya zama shi ake sa wa motocinsa gaba ɗaya. Babu kwantak a ciki. Wani ƙarfe mai haƙora ne ke juyawa kusa da maganaɗisu, kowane haƙori ya gifta sai ya aika sigina ga ɗan modul mai taransisto, shi kuma ya katse wutar. A na injin silinda takwas, kwayil ma a cikin murfin yake zaune. Shi ya sa masu tsofaffin akori-kura ke ƙaunarsa: a cire tsohon, a zura wannan, a ba shi waya ɗaya tak a ƙafar da aka rubuta BAT. Ƙafar da ke kusa da ita, TACH, ta agogon ƙidayar juyin inji ce, kuma ba a kai mata wuta.

A kan wannan waya ɗaya ake yin ɓarnar. Mai gyara yakan ga tsohuwar wayar kwayil a rataye kusa, ya jona ta, mota ta tashi, ya ce aiki ya kammala. Alhali modul ɗin da kansa yake ƙayyade wutar da kwayil ke ja, don haka cikakkiyar wutar batir yake so. Idan aka ciyar da shi ta wayar mai ragewa, zai yi ta aiki da yunwa. A tsaye injin zai yi lafiya lau, amma a hawan tudu da kaya sai ya riƙa sarƙewa, da sanyin safiya kuma ya yi gardamar tashi. Daga nan a fara zargin kabireta, a canza fulogi, a kashe kuɗi a inda babu ciwo.

Abin da ya fi yaudarar mutane shi ne mita. Idan ka zare wayar ka auna bakinta, volt 12 cif za ta nuna, domin abin rage wuta ba ya rage komai sai akwai abin da ke jan wutar. Awon gaskiya sai waya na jone, inji na aiki. A lokacin ya kamata a ga abin da batir ke nunawa, kusan volt 14 idan altaneta na caji.

Maganin shi ne a ja sabuwar waya mai kauri, lamba 12 a ma'aunin Amurka, wato kimanin murabba'in milimita 3, daga wurin da ke da wuta a matsayi biyu na makulli: lokacin murzawa da lokacin tafiya. Sharaɗin lokacin murzawar nan ba abin wasa ba ne. Layin rediyo da na wasu kayan yakan ɗauke yayin da sitata ke juyi. Wanda ya ɗebi wuta daga nan zai ga injin na juyawa ba ya kamawa, sai daidai sakin makulli ya yi ɗan tari. Wanda kuma ya ja kai tsaye daga batir, motarsa ba za ta mutu ba ko ya zare makulli.

A ganina, ga motar da makullinta ya tsufa, rile ya fi komai. A ɗauko wuta daga batir ta cikin fiyus zuwa ƙafa ta 30 ta rile, a fitar daga ta 87 zuwa BAT, a kai ta 85 jikin mota, sannan tsohuwar wayar kwayil, haɗe da rawayar nan ta sitata, ta shiga ta 86. Rile wuta kaɗan yake buƙata kafin ya kama, saboda haka wayar mai ragewa ta ishe shi. Wani lokaci injin kan ƙi mutuwa bayan wannan aiki, domin 'yar wutar da ke dawowa daga altaneta ta wayar fitilar caji tana riƙe rile ɗin. Diyod ɗaya a kan wannan waya yana tare ta.

Ba kowane dilkon lantarki ke bin wannan doka ba. Na Chrysler da ya fito a farkon shekarun 1970 da tangaran ɗinsa yake aiki, kuma ƙananan na'urorin da ake dasawa a gurbin kwantak suna da irin kwayil ɗin da suke jurewa. Sai a san irin wanda ke hannu kafin a yanke waya. Dilkon kuma ta jikinsa yake komar da wuta, don haka a kankare tsatsa a mazauninsa, a duba igiyar da ta haɗa inji da batir.

Kafin ka rufe bonet, sa wani ya murza makulli kai kana riƙe da mita a kan BAT. Idan awon ya tsaya kusa da volt 10 yayin juyi, ya haura 13 bayan tashi, ya koma sifili da aka kashe, wayarka ta yi daidai.