Napster da Muhawarar Haƙƙin Mallaka

A shekara ta 1999 wani ɗalibi Ba'amurke mai suna Shawn Fanning ya fito da wata manhajar kwamfuta da ake kira Napster. Aikinta shi ne haɗa mutane ta intanet don su yi musayar waƙoƙi kyauta. Kamfanin Napster bai ajiye waƙoƙin a wurinsa ba. Jerin sunayensu kawai yake riƙewa, ya nuna wa mai nema kwamfutar da waƙar take ciki, shi kuma ya kwafo ta daga can. Cikin ɗan lokaci miliyoyin mutane suka shiga.

Daga nan gardama ta tashi. Masu goyon bayan musayar suka ce ai wannan tamkar ara wa aboki kaset ne, kuma hanya ce da ƙaramin mawaƙi zai yi suna. Kamfanonin waƙa suka ce a'a. Wanda ya ba da aron kaset ya rabu da shi har sai an maido masa. A intanet kuwa mai waƙa yana riƙe da tasa, dubban mutane kuma sun sami irinta, mawaƙi bai ga ko sisi ba. Dokar haƙƙin mallaka ta ce mai fasaha ne ke da ikon ba da izinin kwafar aikinsa.

A watan Disamba na 1999 ƙungiyar kamfanonin waƙa ta Amurka, wato RIAA, ta kai ƙara kotu. Napster ta sha kaye, aka rufe ta a watan Yuli na 2001. Amma an kashe maciji ne ba a sare kansa ba. A wannan shekarar BitTorrent ta fito, a 2003 kuma aka buɗe shafin The Pirate Bay a Suwidin.

Ganin haka sai aka sake dabara, aka sauƙaƙa hanyar halal. A 2003 kamfanin Apple ya fara sayar da waƙa ɗaya a kan santi 99. A 2008 Spotify ta fara aiki, inda ake saurare ba tare da an sayi waƙar ba. Jama'a da yawa suka koma can.

Duk da haka muhawarar ba ta mutu ba. Yanzu mawaƙa suna kukan cewa abin da ake biyansu kaɗan ne. A Kano da Maraɗi ma, inda ake tura waƙoƙi da finafinai a waya a bakin kasuwa, tambayar ɗaya ce: in kowa ya ji kyauta, wa zai ciyar da mawaƙi?