Na Nawa Ka Zo?

Shirinmu na musamman na yau daga Bulumkutu ya taso, nan gefen filin jirgin sama na Maiduguri, kan hanyar da ta miƙa Damaturu. Magana ce da ake yi a gidaje duk ƙarshen zangon karatu, wani lokaci da ɗaga murya a tsakar gida, wani lokaci ƙasa-ƙasa bayan yara sun kwanta. Yaro ne ko yarinya, tun daga firamare ba ya wuce na 1 zuwa na 3. Ya ci jarrabawar shiga makaranta mai tsauri, ko ta gwamnatin tarayya, ko ta kimiyya, ko wata ta kuɗi da ta yi suna wajen matsa wa ɗalibai. Aka yi murna, aka ɗinka kayan makaranta. Zango ɗaya, zango biyu, sai ga katin sakamako ya zo: na 31 cikin 45, lissafi kuma da jan biro. To, a bar shi ya ci gaba da shan wuya, ko a mayar da shi inda zai riƙa zuwa na ɗaya?

Kafin mu taɓa amsa, ku biyo ni mu koma baya kimanin shekara 100, don akwai wani abu da ya tsaya mini a rai.

A 1925 wani yaro ɗan shekara 15 ya bar Yerwa ya tafi Katsina karatu. Sunansa Kashim Ibrahim. Ku lura, jirgin ƙasa bai iso Maiduguri ba sai 1964, saboda haka tafiya ce ta gaske, ba irin ta yau da mutum zai yi sallar asuba a tashar mota ya kwana a Kano ba. Makarantar da ya je ita ce Kwalejin Katsina, wadda aka kafa a 1921, ginin ƙasa da azara, har yanzu yana nan tsaye a birnin Katsina. Daga kowane lardi na Arewa ake tsamo yaran da suka fi haske a kai su can. Shekara guda bayan zuwansa, a 1926, wani yaro ya iso daga Sakkwato mai suna Ahmadu. A 1928 wani ya iso daga Bauci mai suna Abubakar. Kun san su: Sardauna da Tafawa Ɓalewa. Shi kuwa ɗan Yerwa ya gama a 1929, ya dawo gida ya koyar, ya zama Sa Kashim Ibrahim, gwamnan Jihar Arewa daga 1962 zuwa 1966. Makarantar ta koma Kaduna a 1938, ta koma Zariya a 1949, ita ce Barewa ta yau.

Abin da ya tsaya mini shi ne wannan. Kowane ɗaya daga cikin yaran nan zakara ne a lardinsu. An tara zakarun Barno da na Sakkwato da na Bauci da na Kano a aji guda, aka yi musu jarrabawa. Dole wani ya zo na ɗaya, dole kuma wani ya zo na ƙarshe. Dole. Wanda ya zo na ƙarshen nan, jiya-jiya shi ne abin nuni a garinsu. Ƙwaƙwalwarsa ba ta ragu a hanya ba, waɗanda ake auna shi da su ne suka canza. Yau kuma idan ana lissafa waɗanda suka fito daga Kwalejin Katsina, ba na jin wani yana tambayar na nawa wane ya zo a zango na biyu.

Haka Kano ta yi a 1977, zamanin Gwamna Sani Bello, da Dakta Ibrahim Ayagi a kujerar kwamishinan ilimi: aka buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, ana zaɓo hazikai daga sauran makarantu ta hanyar jarrabawa. Likitoci da injiniyoyin da suka fito daga can sun cika asibitoci da jami'o'in Arewa. A nan Maiduguri kuwa akwai Kwalejin Gwamnatin Tarayya tun 1973. Lissafin dai ɗaya ne ko'ina: in ka tara na-ɗaya 45, mutum 44 za su daina zama na ɗaya.

To mu dawo Bulumkutu. A bakin wani shagon ɗinki kusa da kasuwa na tarar da wannan muhawara tsakanin wa da ƙani, katin sakamakon wata yarinya yana ajiye a kan teburin keken ɗinki, an danne shi da almakashi don kada iska ta ɗauke. Uban yarinyar, shi ne telan, ya ce, "Yaya, kuɗin Keke Napep kaɗai zuwa da dawowa ya ishe ni, ga kuɗin makaranta, ga littattafai, a ƙarshe a kawo mini jan biro? A makarantar bayan layinmu ita ce ke karɓar kyauta." Wan nasa, tsohon malami ne da ya yi ritaya, bai ce masa uffan ba. Ya ce da yarinyar, "'Yata, ɗauko mini littafinki na lissafi." Ya buɗe shafin farkon zango, ya buɗe na ƙarshen zango, ya ajiye su gefe da gefe. Sannan ya ce, "Wannan da kike faɗuwa a watan fari, yanzu kin iya shi?" Ta ce, "Na iya, Baffa." Ya rubuta mata ɗaya a bayan takardar awon wani kwastoma. Ta zauna a kan benci ta warware shi, tana cizon bakin biro. Daidai.

Wannan, a ganina, ita ce tambayar da ta fi "na nawa ka zo" amfani: me ka iya yau wanda ba ka iya ba wata uku da suka wuce?

Dalili kuwa, masu sauraro, tsarin ƙasar nan ne. Ranar da yarinyar nan za ta nemi gurbi a Jami'ar Maiduguri, babu wanda zai ce ta kawo katin zango na biyu na aji 4. Abin da za a duba uku ne: kiredit 5 a WAEC ko NECO, har da Turanci da lissafi, sai makin JAMB cikin 400, sai kuma tantancewar da jami'a kan yi. In likitanci take so, dole kiredit ɗin su haɗa da fizis da kemistiri da bayoloji. Gaskiya ne ana tura wa hukumar jarrabawa makin gwaje-gwajen makaranta, amma babbar jarrabawa ita ce mai nauyi, kuma takarda ɗaya ake ba ɗan makaranta mai tsauri da ɗan makaranta mai sauƙi. A Amurka, inda jami'o'i ke duba makin da ɗalibi ya tara a sakandare shekara da shekara, wanda ya ji tsoron faɗuwar makinsa yana da hujja. Mu nan ba haka abin yake ba. Malamin da ya ba ɗanka 48 da gaskiya ya fi maka wanda ya ba shi 85 don kada ka cire shi ka rage masa kuɗin shiga.

Kuma mun san abin da ake yi, kada mu yaudari juna. In yaro ya kai aji 6, sai a ce a kai shi wata makaranta a bayan gari inda "ake taimaka wa yara." Sakamako ya fito tas, A da B reras. Sai a zauna gaban kwamfuta ranar JAMB, babu mai raɗa amsa. A 2025, cikin fiye da mutum miliyan 1.9 da suka zauna JAMB, fiye da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 ba. Daga baya hukumar ta amsa cewa matsalar na'ura ta shafi kimanin mutum dubu 380 a Legas da Kudu maso Gabas, aka sake musu. Ko an cire waɗannan, adadin da ya rage abin dubawa ne. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai dai fa kada wani ya ce na zo tallar manyan makarantu. Ina da shakku a kan sunan makaranta, kuma ba ni kaɗai ba. A Kenya, wasu masana biyu, Adrienne Lucas da Isaac Mbiti, sun fitar da bincike a 2014 kan manyan makarantun ƙasa na can, irin waɗanda iyaye ke rububi. Suka kwatanta yaran da suka tsallake makin shiga da ƙyar da waɗanda suka rasa da ƙyar, wato yara masu ƙarfi kusan ɗaya. A jarrabawar ƙarshe, bambancin da ke tsakaninsu bai taka kara ya karya ba. Ma'ana, sunan da makarantun suka yi, mafi yawansa daga hazikan da suke ɗauka ne tun farko. A Romaniya kuma an yi irin wannan bincike a 2013, aka ga akasin haka: waɗanda suka samu shiga makaranta mafi ƙarfi sun ɗan fi cin jarrabawar ƙarshe. Amma ku ji abin da aka gano a gefe, wanda ya fi ba ni mamaki. Yaran sun riƙa jin kansu a ƙasa, saniyar ware a cikin aji. Iyayen kuma, da suka ga ɗansu ya shiga makarantar kirki, sai suka rage taimaka masa da aikin gida. Suka saki jiki. Daidai lokacin da yaro ya fi buƙatarsu, a lokacin suka janye hannu.

Wannan jin-kai-a-ƙasa ba ƙaramin abu ba ne. Tun 1984 wani masanin halayyar ɗalibai, Herbert Marsh, ya nuna shi a makarantun Ostireliya: yara biyu masu basira ɗaya, wanda ke cikin hazikai ya fi raina kansa. Ya kwatanta abin da kifi, wanda a ƙaramin kududdufi shi ne babba, in aka sa shi a tafki sai ya ga kansa ɗan tsito. Yaron da ya yarda cewa shi daƙiƙi ne yakan daina tambaya a aji, daga nan ya daina gwadawa. Uban da ke karɓar kati ya ce, "Ɗan wane ya zo na 2, kai kana ina?" shi ke ƙarasa aikin.

Akwai kuma abin da ya keɓanta da mu a Barno. Yaran da ke babbar sakandare yanzu, lokacin da ya kamata su kama bakin karatu shi ne lokacin da gari ya rikice. A watan Maris na 2014 gwamnati ta rufe makarantun sakandare, da yawa suka zama sansanin 'yan gudun hijira. Iyalai suka kwararo daga Bama da Gwoza da Konduga, wasu a nan Bulumkutu suka sauka wurin 'yan'uwa. Bayan nan korona ta zo a 2020, sannan madatsar Alau ta ɓalle a Satumbar 2024 aka sake rufe makarantu. Yaro zai iya zama mai kaifin ƙwaƙwalwa amma akwai rami a tushensa: bai taɓa samun wanda ya zaunar da shi ya koya masa kasafi da kyau ba, yau an ce ya warware lissafin fizis. Makaranta mai sauƙi rufe ramin take yi da tabarma. Mai tsauri ita ce ke tona shi, jan biron nan shi ne alamar inda yake. Abin yi shi ne a nemi malamin darasin, a ce, "Malam, daga ina ya fara ɓacewa?" sannan a nemi mai yi masa lesin a kan wannan wurin kawai, ko da wani ɗan jami'a ne a unguwa.

Yaushe ya kamata a cire yaro? Lokaci na neman ƙure mana, bari in faɗa a gurguje. In barci ya gagare shi, ya daina cin abinci, kullum da safe ciwon kai ko ciwon ciki, to lafiyarsa ta fi makaranta. In tsaurin ba na karatu ba ne, bulala ce da cin zalin manyan ɗalibai, wannan ba tsauri ba ne, a cire shi. In shekara ta zagayo littafinsa na ƙarshen zango bai fi na farko ba, ga shi an yi lesin an yi komai, a duba ko ajin kimiyyar ne bai karɓe shi ba, don wani lokaci canjin aji ake buƙata, ba canjin makaranta ba, musamman in likitancin burin uba ne ba na ɗa ba. In kuma kuɗin ya kai ga ana hana ƙannensa zuwa makaranta don shi, wannan ma hujja ce, babu kunya a cikinta. Kuma in za a cire, a cire a aji 4, kada a jira aji 6.

Na so mu taɓo batun 'yan mata da makarantar kwana, don tun abin da ya faru a Buni Yadi da Cibok a 2014 iyaye da yawa ba maki ne ke hana su barci ba. Wannan sai a shiri na gaba in Allah ya kai mu.