Asalin kalmar 'evoluzione' a harshen Italiya

Kalmar evoluzione, wadda masana kimiyya a Italiya ke amfani da ita wajen bayyana sauyawar jinsunan halittu a tsawon zamani, ta girmi nazariyyar Charles Darwin nesa ba kusa ba.

Tushenta shi ne evolvere a harshen Latin, wato warware abin da aka naɗe. Rumawan dā a naɗe suke ajiye littattafansu kamar tabarma, shi ya sa Cicero ya yi amfani da evolutio da nufin buɗe littafi domin karantawa.

A ƙarni na 18, masana irin su Charles Bonnet na Jeneba sun ari kalmar domin bayyana ra'ayinsu cewa ɗan tayi yana nan da cikakkiyar siffarsa tun a cikin ƙwai, girma kawai yake yi. Ke nan a wancan lokaci tana nufin bayyanar abin da ke ƙunshe tun farko.

Darwin kuwa yana magana ne a kan sauyin da ke bin yanayin muhalli, ba tare da wata alƙibla da aka shata ba. A bugun farko na littafinsa kan asalin jinsunan halittu, a 1859, bai yi amfani da sunan ba, sai dai aikatau ɗinsa sau ɗaya, a kalmar ƙarshe. Herbert Spencer ne ya yayata kalmar, yana danganta ta da ci gaba, kuma sai a bugu na shida, a 1872, ta shiga littafin.

Littafin ya fito da Italiyanci a birnin Modena a 1864, fassarar Giovanni Canestrini da Leonardo Salimbeni. A taken asali, Darwin ya ambaci jinsunan da yanayi ya ba rinjaye, amma fassarar ta kira su waɗanda aka kammala.

Wannan fahimta ta ɗaukar sauyi a matsayin hawa daga ƙasa zuwa sama ba ta tsaya kan dabbobi ba. An yi amfani da ita a Turai wajen jera al'ummomi daki-daki da kuma kare mulkin mallaka.

To sai dai masana kimiyyar halittu na yau sun yi watsi da ita. A wurinsu, kalmar tana nufin sauyin siffofin gado ne daga zuriya zuwa zuriya, ba fifikon wani jinsi a kan wani ba.