Man gansakuka: shin zai karya kasuwar fetur a kan iyaka?

Duk mai ɗaukar kaya daga Tamanrasset zuwa In Gezzam, ya tsallaka Asamaka har Arlit, ya san cewa kuɗin mai ne ke yanka wa kaya farashi. Shi ya sa batun tatso man mota daga gansakuka, wannan koren abu da ke kwanciya a kan ruwan kududdufi, ya shafi 'yan kasuwa.

Maganar ba tatsuniya ba ce. Akwai ƙananan nau'o'in gansakuka, waɗanda ido ba ya iya ganin ƙwaya ɗayarsu, da ke tara maiƙo a jikinsu. Matsalar ita ce sai an hana su abinci, musamman sinadarin da ke cikin takin zamani, sannan suke tara shi da yawa, kuma da zarar yunwa ta kama su sai su daina yaɗuwa. Ga ƙiba babu haihuwa ke nan.

A 2009 kamfanin ExxonMobil na Amurka ya haɗa gwiwa da kamfanin Synthetic Genomics domin warware wannan ƙulli. A 2017 suka sanar cewa sun taɓa ƙwayar halittar gado ta wani nau'i, inda maiƙonsa ya tashi daga kusan kashi 20 cikin ɗari zuwa 40, ba tare da ya daina girma sosai ba. To amma abin da ya yi kyau a ɗakin gwaji bai biya kuɗin ruwa, taki da tatsa a fili ba. Bayan kashe sama da dala miliyan 350, a farkon 2023 aka ji ExxonMobil ya janye. A ƙasa kamar Aljeriya, inda gwamnati ke tallafa wa farashin mai, wa zai sayi irin wannan? Masu durom da jarka ba su da abin tsoro tukuna.

Gansakukar da ke kawo kuɗi a yankinmu ta miya ce. Matan Kanumbu na yankin Kanem a Chadi sun daɗe suna kwasar ta daga tafkunan kanwa, su zuba a ramin yashi ta bushe, su yanka ta gunduwa-gunduwa su kai kasuwa da sunan "dihe". Turawa na kiran ta sifirulina. Maiƙonta kaɗan ne, amma fiye da rabin nauyinta idan ta bushe sinadarin gina jiki ne. A nan Tamanrasset ma an noma ta a kwamin ruwa, domin rana da ruwa mai kanwa take so.

Ba ta da nauyi, kuma busasshiyar ba ta saurin lalacewa a hanya. Sai dai mai sara ya tambayi daga ina aka kwaso, saboda wasu gansakukan ruwan kwance na da guba, kuma a ido duk kore ne.